Ku Tambayi Anti: fentin ruwa, ganye ɗaya da ido biyu

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tunda nayi suɓul da baka a fitowar da ta wuce nace ni abinda ke sauke min gajiya shine in ɗauki ɗan akwatin fentina in fita in samu gindin bishiya in zauna, saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu na tambaya tsakani da Allah, wasu kuma tsokana ce zalla, har da wanda yace wai Anti yanzu da girmanki kin koma aikin 'yan firamare. Na yafe masa. Na tsamo guda shida, sauran ku yi haƙuri.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ni ma'aikaciya ce, daga ofis sai gida, daga kwamfuta sai waya, idona har yaji yake min da daddare. Naga kince fentin ruwa na sa mutum ya san duniyar dake kewaye dashi, toh ni fa ko da'ira mai kyau ban iya zanawa ba, me zan saya kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Da'ira bata cikin sharaɗi, ni kaina har yau in na zana ta sai ta fito kamar an zauna a kanta. Kayan kuma basu da yawa, takarda, burushi ɗaya mai tsinin baki lamba 8 ko 10, kala uku zuwa shida, fensir, kwalba biyu ta ruwa, ɗaya ta wanke burushi ɗaya ta ruwa mai tsabta, tsumma, sai farin faranti na haɗa kala. Shikenan. Kar ki bari ido ya ruɗe ki da akwatin nan mai kala 48, rabinsu sai sun bushe sun tsage baki taɓa su ba.

In abin hannunki kaɗan ne toh ki zuba shi a takarda, nan ne kowa ke tafka kuskure. Takardar fotokwafi ta ofis ɗinku nauyinta gram 80 ne a kowane murabba'in mita, ruwa na taɓa ta zata kumbura ta yamutse, ki shafa sau biyu ta fara saɓulewa, sai ki ɗauka hannunki ne bai iya ba alhali takardar ce ta ci amanarki. Ki nemi wadda aka rubuta gram 300 a jikinta, mai ɗan kaushi in kin shafa da yatsa, in ta auduga ce zalla ya fi, domin ita tana riƙe danshi ta baki lokacin yin gyara, kuma ana shafa mata wani abu mai kama da danƙo tun a masana'anta wanda ke hana ta shanye fentin nan take. Shi kuwa fentin kansa in kika ji abinda ke ciki zaki yi dariya, garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro, eh ƙaron nan dai da ke tsatsowa a jikin bishiya, wanda ƙasar Sudan ta fi kowa fitar da shi a duniya, sai a ɗan sa zuma ko gilisarin don kar ya ƙandare. Kinga tun daga cikin akwatin ma kina riƙe da bishiya da ƙasa da dutse. A 1781 aka ba wani ɗan Ingila William Reeves lambar yabo saboda ya dunƙule fentin ya zama 'yan busassun ƙwayoyi da za'a goga da jiƙaƙƙen burushi, sannan kamfanin Winsor & Newton da aka kafa a Landan a 1832 ya fito da mai taushi a 'yan ƙananan mazubai. Kafin nan mai zane sai ya zauna ya niƙa kalarsa da kansa, wahalar da ke sa mutum ƙyuyar fita kenan. Abin yana shiga aljihu sai mutane suka bazama bakin kogi da kan duwatsu.

Toh ta ina zaki fara? Banda faɗuwar rana, banda tsauni. Ki fita ki tsinto ganye ɗaya da ya faɗo, ki ajiye shi a gabanki, ki kife wayar, ki yi minti biyar kina kallonsa baki taɓa burushi ba. Na tuna nawa na farko, na ɗauko shi ina cewa ai kore ne, me za'a kalla a ganye. Da na zauna sai naga gefen da rana ta fi duka ya koma rawaya, bakinsa ya ƙone yayi ruwan ƙasa, jijiyar tsakiya bata miƙe ba ta ɗan karkace hagu, ƙananan jijiyoyin kuma ba su fito daura da juna ba, wannan na gaba wannan na baya, ga wasu huji uku da wani ƙwaro ya ci kuma kowane huji da ɗan jan zobe a bakinsa inda ganyen yayi ƙoƙarin warkewa. Shekara nawa ina taka irinsa ban taɓa sani ba. Zanen da nayi ranar wallahi ba ya nunuwa, amma har yau in na rufe ido ina ganin ganyen nan.

Abu uku ki riƙe. Farin da ke zanenki farin takarda ne, inda kike son haske ki tsallake shi kawai kar ki shafa komai. Ki fara da kala mai ruwa-ruwa ki dinga ƙara duhu a kai bayan ta bushe, don daga duhu ba'a dawowa haske cikin sauƙi. Sannan duk abinda kika shafa in ya bushe sai ya fi yadda kika ganshi haske, kar ki tsorata da shi yana jiƙe. In kuma zuciya ta raya miki ganye ɗaya ƙaramin abu ne, wani mai zane ɗan Jamus Albrecht Dürer a 1503 ya zauna ya zana ɗan curin ciyawa na gefen hanya, irin wadda ake nomewa a zubar, da saiwarta da taɓonta, yau shekara sama da 500 tana ajiye a gidan tarihin Albertina da ke Viyana mutane na zuwa kallo.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne, wata uku kenan ina gwadawa amma duk bishiyar da na zana koren sai ya fito kamar na bokitin roba, in na ce bari in gyara in ƙara wata kala sai komai ya koma taɓo. Abin ya fara ban haushi gaskiya.

Amsa: Ɗana, koren bokiti kowa ya bi ta kansa. Laifin na farko na koren da ke cikin akwatin ne, ana yin shi da ƙarfi sosai don a haɗa shi da wani abu, kai kuma ka ɗebo shi tsurarsa ka ɗora a bishiya. Laifi na biyu na kanka ne, ba idonka ba, kanka, domin tun kana yaro aka ce maka ganye kore ne sama shuɗiya ce, sai hannu ya dinga zana abinda aka faɗa masa ido na gefe ba'a tambaye shi ba. Gwada wannan, ka huda ƙaramin rami a farar takarda kamar girman farcenka, ka miƙa hannu ka leƙa bishiyar ta cikinsa wuri-wuri. Saman da rana ke duka zaka ga kusan rawaya ne, wani ganyen mai sheƙi ma fari-fari yake ko shuɗi-shuɗi saboda sararin sama yake haskowa, cikin bishiyar can inda rassa suka cunkushe kuwa duhu ne da ya kusa baƙi amma da ɗan ja-ja a ciki. Kututturen da kake shafa wa ruwan ƙasa kullum, leƙa ka gani, yawanci toka-toka ne.

Ka ajiye koren akwati na wata ɗaya ka dinga haɗa naka da shuɗi da rawaya, in yayi ihu da yawa ka ɗiga masa ja kaɗan, kaɗan fa, kamar bakin allura, nan take zai kwanta ya zama na ganye. Akwai shuɗin da ake kira altramarin, a jikin fentin zaka ga lambar PB29, da can daga wani dutse mai tsada ake niƙo shi da ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na Afganistan, sai a shekarun 1820 masana a Faransa da Jamus suka gano yadda za'a haɗa shi a masana'anta ya wadata. Wannan shuɗin in ka gauraya shi da jar ƙasar nan da aka ƙona, wadda ta ɗauki sunanta daga garin Siena na Italiya, zaka samu toka-toka iri-iri, na hadari, na dutse, na ɓawon itace, kuma yana da wata ɗabi'a da nake so, garinsa na kwanciya a 'yan ramukan takarda ya bar tsaki-tsaki kamar fuskar dutse ba tare da ka wahala ba. Baƙin fenti kuwa ni ban cika taɓa shi ba, yana kashe zane.

Maganar taɓo kuma abu biyu ke kawo shi, haɗa kala fiye da uku a wuri ɗaya, da komawa kana dirzar wurin da bai gama bushewa ba. Na biyun ne ya fi kama mutane. Ka shafa, ka ɗauke hannu, ka ƙyale. In hannun na maka ƙaiƙayi ka zauna a kansa ka kalli bishiyar kafin ya bushe, dama ita ka zo kallo. Ƙarin abu ɗaya, bishiyar da ke nesa kar ka ba ta koren ta kusa, iskar da ke tsakaninku tana warwatsa haske, shi yasa duwatsun nesa suke komawa shuɗi-shuɗi suna dishewa, ka ƙara ruwa da ɗan shuɗi sai ka ga ta ja da baya da kanta.

Tambaya: Yaya Anti, ni tsuntsaye nake so amma kafin in jiƙa burushi ya tashi. Ba zai yiwu in ɗauki hotonsa a waya in koma ɗaki in kwafa a nutse ba?

Amsa: Zai yiwu mana, ba wanda zai kama ki, kuma ranar da ake ruwa ko jiki ba daɗi nima ina yi. Amma ki san me kika rasa. Kyamarar waya tana yanke hukunci a madadinki, ta baƙanta inuwa, ta ƙara wa kala armashi, ta daskarar da tsuntsun a sakan ɗaya wanda wataƙila ma ba haka ya saba tsayawa ba, kuma dai kin koma kallon gilashin da kika gudo daga gare shi. Wanda ya zauna a waje rabin awa yana fama da tsuntsun da ya ƙi tsayawa shi zai gano cewa reshe ɗaya yake dawowa, yana girgiza wutsiya kafin ya tashi, kuma in iska ta kaɗo yana juya ƙirjinsa ya fuskance ta. Hoto ba zai gaya miki wannan ba.

Dabarar ita ce ki bar burushi tukuna. Fensir, sakan ashirin, ƙwai ɗaya na jiki, ƙaramin ƙwallo na kai, layin baki, layin wutsiya. Ya tashi ki bar shi haka rabi ki fara wani a gefe, in ya dawo irin tsayuwar farko ki koma ki ƙarasa. Shafi ɗaya ya cika da rabin tsuntsaye goma, ba komai. Ki rubuta da kalmomi a gefe, wuya ja-ja, ƙasan ciki fari, ƙafa baƙa, sannan ki sa kala daga baya tun abin na sabo a idonki. Kar kuma ki kalli zanukan John James Audubon na tsuntsayen Amurka, guda 435 da aka buga tsakanin 1827 da 1838, ki ce ke kin gaza, shi harbe su yake yi ya soke su da waya ya kafa su yadda yake so kafin ya zana. Mu dai namu su tashi lafiya.

In tsuntsu ya ishe ki ki ɗaga kai ki gwada gajimare, shima ba ya tsayawa amma yana tafiya a hankali. Ki jiƙa takardar da ruwa zalla, ki sa shuɗi a inda ba gajimare, ki bar farin, ki ɗan sa toka-toka a ƙasansa, kuma ki lura sama ta fi shuɗi a tsakar ka tana dishewa in ta gangaro ƙasa. Sunayen da masana yanayi ke kiran gajimare da su har yau, wani mai haɗa magunguna ne a Landan Luke Howard ya gabatar da su a 1802, kuma shi ma da fentin ruwa yake zana su yana lura. Ki dinga rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ta fito a ƙasan kowane zane, bayan wata shida ki buɗe littafin ki sha mamaki.

Tambaya: Takardata tana tudu da kwari in ta jiƙa, kuma wani lokacin sai wani tabo mai kama da fure ya fito a tsakiyar sama. Meye matsalar?

Amsa: Tudu da kwari, ka manne gefunanta huɗu da tef ɗin takarda a jikin katako kafin ka fara, kar ka ɓalle sai ta bushe ƙarau. Furen kuwa ruwa ne ka kai wurin da ya fara bushewa, sabon ruwan ya ture garin kalar zuwa gefe. Ka duba takardar ta gefe, in tana sheƙi zaka iya ƙarawa, in sheƙin ya ɗauke amma da sanyi in ka taɓa da bayan yatsa toh hannunka ya kiyaye ta. In iska busasshiya ce ko kana cikin rana komai zai bushe da wuri, ka nemi inuwa ka rage girman takardar. Ni dai wani lokacin da gangan nake yin furen nan, yana bada gansakuka a jikin dutse da kyau.

Tambaya: Assalamu alaikum 'yata. Ni dattijo ne na yi ritaya, shekaruna 64, hannuna ma yana ɗan rawa. Jikata ce ta karanta min shafinki. Anya irina bai makara ba?

Amsa: Wa'alaikumussalam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida min jikar taku. Baba ai ku kuke da jarin da mu muke nema ruwa a jallo, lokaci da iya zama wuri ɗaya. Yaran nan da ke rubuto min minti goma suka yi sai hannu ya tafi aljihu neman waya. Rawar hannu kuma a fentin ruwa ba aibu bace sosai, reshe da ciyawa dama ba'a miƙe suke ba, layin da ya ɗan yi rawa ya fi kama da su akan wanda aka ja da rula. Ku ɗora gefen hannun akan katakon ya samu madogara, ku ɗauki burushi mai ɗan kauri, ku yi zane babba-babba ku bar ƙananan ƙyale-ƙyale.

Akwai wata mata Maria Sibylla Merian, an haife ta a Frankfurt a 1647, tun tana yarinya take kiwon tsutsotsi tana zana yadda suke rikiɗa su zama malam buɗe littafi, a zamanin da mutane da yawa ke ɗauka ƙwari daga taɓo da ruɓa suke fitowa haka kawai. A 1699 tana da shekara 52 ta hau jirgin ruwa daga Amsterdam ita da 'yarta suka tafi Suriname a Kudancin Amurka, ta yi kusan shekara biyu tana bin daji tana zana kowace tsutsa akan ganyen da take ci, har rashin lafiya ya dawo da ita, a 1705 ta fitar da aikin. Ku kuwa Baba ba teku za ku ƙetare ba. Ku zaɓi bishiya ɗaya ko shuka ɗaya da kuke gani daga inda kuke zama, ku zana ta sau ɗaya duk sati, ranar da ta zubar da ganye, ranar da ta yi toho ja-ja kafin ya koma kore, ranar da ta yi fure ƙudan zuma suka taru. In an kwana biyu ku sa jikar ta turo min, ina son in gani.

Tambaya: Anti yarana biyu, 5 da 8, sun ga ina yi sun nace sai sun yi. Fentin ba ya cutarwa? Ƙaramin komai baki yake kaiwa.

Amsa: Maman yara, ki saya musu nasu daban wanda aka rubuta na yara ne mara guba, kar ki ba su naki in na ƙwararru ne, domin wasu jajaye da rawaya ana yin su da kadmiyam, wasu shuɗɗan da kobal, ba abin kaiwa baki bane. Ke ma ki bar tsotsar bakin burushi don ya yi tsini, na san ana yi, nima an sha kama ni. Kwalbar wanke burushi kar ta yi kama da kofin shan ruwa, kuma in kun fita ku dawo da ruwan dattin gida a kwalba mai murfi, kar a juye shi a rafi ko gindin shuka, fure ma a zana shi a inda yake ba sai an tsinke ba.

Sannan dan Allah kar ki gyara musu. In ƙaramin ya yi bishiya shunayya ki tambaye shi a ina ya ganta, zai iya nuna miki inuwar da ke ƙarƙashinta da yamma, kuma in kika duba da kyau sai ki ga yaron bai yi ƙarya ba. Rannan na fita da ɗiyar ƙanwata, na gama shafa sama mai kyau na ajiye a ƙasa ta bushe, sai ga tururuwa ta hau ta ratsa ta tsakiya ta fita ta ɗaya gefen tana jan wani siririn layin shuɗi a bayanta har kan farin takardar. Na ɗaga hannu zan goge yarinyar ta riƙe min hannu tace Anti bari, ai itama zane take. Muka tsuguna mu biyu muna bin ta da ido har ta shige ƙarƙashin wani busasshen ganye, takardar kuma tana nan a littafina da sawunta.